Gwangwanin Goggo Dije da Jirgi Mai Tozo

Kwanakin baya 'yata Hadiza ta miƙo mini wayarta, ta ce, "Baba, ga jirginka, wai an daina ƙera irinsa." Na sa tabarau na duba. Shi ne kuwa, da ƙaton kansa mai bene da injuna huɗu rataye a fukafukai. Ta tsaya tana jira in yi jimami. Na ce mata ba jirgina ba ne, ko ƙusa ba ni da ita a jikinsa, kuma abin da ya haɗa ni da shi wahala ce da wani gwangwanin man shanu. Ta yi dariya, ta zaci wasa nake. To ga yadda abin ya kasance.

Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo ƙasa, gwamnati na ta tura mutane waje karatu kamar ana rabon goro. Ni ɗan Runka ne, ina aiki a sashen ruwa a Batsari, sai sunana ya fito cikin waɗanda za su Ingila kwas na wata tara, koyon gyaran injin rijiyar burtsatse. Zancen sallama da rakiya in bar shi. Na dai sauka Ikko da akwati ɗaya nawa na kaina, da wani babban gwangwanin madarar gari cike da soyayyen man shanu, an ɗaure bakinsa da tsumma da igiyar fata. Na Goggo Dije ne, ƙanwar mahaifina, wadda ke aure cikin Fulanin Babban Duhu.

Ɗanta na fari, Haro, taubashina ne, tare muka yi kiwon awaki. Shekara tara kafin tafiyata ya raka shanu Kudu bai dawo ba. An ce ya shiga aikin jirgin ruwa. Can daga baya wasiƙa ɗaya ta zo, layi uku, babu adireshi, sai hoto: Haro cikin riga mai duhu da hula, tsaye gaban wani jirgin sama da ko rabinsa bai shiga hoton ba. A bayan hoton ya rubuta, "London, wurin aikina." Kafin mako ya zagayo, daga Babban Duhu har Darini an gama yanke hukunci cewa Haro ne ke tuƙa shi.

A wajenmu in za ka aika sallahu ba adireshi ake nema ba, mota ake sani. Ka je tasha ranar kasuwar Batsari, ka ce a ba wane da ke aiki a motar nan mai koren bodi, kuma saƙo ya isa ke nan. Goggo ta ɗauka haka abin yake a ko'ina. Ranar da ta ba ni gwangwanin ta kawo hoton dab da hancinta, don yanar ido ta fara cin ganinta, ta ɗora yatsa a kan jirgin.

"Ka ga tozonsa, irin na bijimi. Wannan ba ya ɓata. Kana shiga ka tambayi yaran jirgin, ka ce abokin wasanka kake nema." Ba ta faɗin sunansa, saboda ɗan fari ne.

Na ce, "Goggo, London fa ba Jibiya ba ce."

Ta ce, "Ni ban ce ita ce ba. Ka ba shi man nan. Ka ce masa idona na tafiya. In yana so in gan shi, ya zo yanzu. In kuwa shafa shi kawai yake so in yi, ya yi zamansa, wannan ba ta sauri ba ce."

Na karɓa ina ƙunƙuni a ciki. Amma in faɗi gaskiya, ni ma da takardar makarantata, a raina na ɗauka irin wannan jirgi bai wuce ɗaya ko biyu a duniya ba. Wa zai iya ƙera uku?

Da aka fito da mu fili a Ikko na gan shi ido da ido, sai da na ja da baya. Tayarsa ɗaya ta kawo mini ƙirji. Muka yi ta shiga, muka yi ta shiga, mutanen da suka fi na masallacin Juma'ar Runka, kuma bai cika ba. A ciki hanya biyu ce, kujeru jere har ido ya gaji, ga wata matattakala a gaba tana murɗewa zuwa bene inda aka ce masu kuɗi ke zama. Wani dattijo da ke kusa da ni ya tambaye ni ko nan ne zauren jira, kuma yaushe za a kai mu jirgin. Na yi masa dariya, alhali ɗazu kaɗan ni ma tambayar ke bakina.

Na sa gwangwanin a ma'ajiyar kaya ta saman kai. Da muka daidaita a sama, na zaro hoton na nuna wa wata Baturiya mai rabon abinci, na ce ko ta san wannan, a jirgin nan yake aiki. Ta duba, ta yi mini irin murmushin da ake yi wa mara lafiya, ta ce ma'aikatansu ba su ƙirguwa. Ban daddara ba, na tambayi ta biyu, na tambayi ta uku. Har matattakalar benen na doshi, a zatona ko yana can wajen direba. Aka tare ni cikin ladabi, aka maido ni kujerata kamar akuyar da ta shiga gonar wani.

Ashe zafin Ikko ya riga ya narkar da man, hawan sama kuma ya ɗaga murfin. A kujerar gabana akwai wata hamshaƙiyar 'yar kasuwar Ikko da ɗaurin kallabi mai tsada. Ɗigon farko ta zaci ruwa ne. Ta shafa, ta sunsuna, ta miƙe. Abin da ta faɗa mini da Yarbanci ban ji ba, amma da ta koma Turanci na ji sarai, kuma har yau ban manta ba. Sauran tafiyar na yi ta ne rungume da gwangwani a cinya, sabon kwat ɗina na shan mai, rabin jirgi na ƙamshin tuwon gidan suna. Ina ta cewa a raina, Goggo kin gama da ni.

Da safe muka sauka. Jirgin na gangarawa a ƙasa na leƙa taga. Ga mai tozo can, ga wani, ga wani bayansa, mai jar wutsiya, mai shuɗiya, mai zanen tsuntsu, jere kamar shanu a mashaya. Na fara ƙirga, na bari.

Ɗan kwastan ya kwance tsumman, ya leƙa, ya tambaye ni ci ake yi ko shafawa. Na ce duka biyun. Ya turo mini abina da bakin biro.

A ƙofar fita wani ɗan ƙasarmu ya tare ni da Hausa, irin Hausar bariki, ya ce sunansa Manaja. Jin Hausa a wannan wuri ya kashe mini wayo. Na nuna masa hoton. Ya ce, "Haro? Ai jiya ma muna tare." Ya karɓi kuɗin tasi a hannuna, muka hau bas, ya kai ni wani dogon gini, ya ce in tsaya a ƙofa ya kira shi. Na yi awa uku cikin yayyafi da akwati da gwangwani. Daga ƙarshe wani mai gadi ya tausaya mini, ya nuna mini ginin na da wata ƙofar ta baya. Gwangwanin kam Manaja ko kallonsa bai yi ba. Da ya haɗa da shi ya tafi, a ranar da har godiya zan yi masa.

Makarantarmu na can arewa, tafiyar awa huɗu a jirgin ƙasa, garin jan bulo da hayaƙi. Asabar biyu na farko na dawo filin jirgin ina bin ofis-ofis. Ko'ina tambayar ɗaya ce: wane kamfani, wane sashe, mece ce lambarsa ta aiki? Ni kuwa abin da nake da shi tozo. Wata mata ta daure ta duba mini littafi da sunansa da na mahaifinsa, babu. Ashe da ya shiga aikin jirgin ruwa wani sunan ya ba su. Asabar ta biyu na koma ɗakina da zazzaɓi, na tura gwangwanin ƙarƙashin gado da ƙafa. Na ce mutumin da ya iya ɓata shekara tara, ya ci gaba da ɓatansa. Ni karatu aka turo ni, ba cigiya ba.

Sai sanyi ya shigo. Ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi. Tsohuwar da aka sauke ni a gidanta mai kirki ce, har safar ulu ta saƙa mini, amma duk abin da za ta dafa a ruwa take dafa shi, ba gishiri ba yaji. Yau dankali da kabeji, gobe kabeji da dankali. Nama kuwa ba na ci, don ban san wanda ya yanka ba. Na rame har wando na zamewa. Gaisuwa ma babu. Ka ce wa mutum ina kwana, ya ce maka akwai sanyi, ya wuce. Bai tambayi gida ba, bai tambayi gajiya ba, kamar daga sama ka faɗo ba ka da kowa.

Wata rana kewar gida ta kama ni har na zauna a bakin gado na yi hawaye, ni da gemuna. Na jawo gwangwanin don in sunsuna kawai. Wallahi sunsunawa na yi niyya. Cokali ɗaya na ɗiba na sa a dankali, na ce Haro ba zai lura ba.

Wata shida ina wannan cokali ɗayan. Kullum in na buɗe murfin sai in tuna idon Goggo, in ce Asabar mai zuwa zan koma. Asabar ta zo, ga ƙanƙara, ga jarrabawa, ga haushin Haro, sai in ce ta gaba. Ba mantawa na yi ba, wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Ina sane, ina ci.

Ranar da cokali ya kankari gindin gwangwanin, ƙarar ta shige ni har ƙashi. Na cinye amana tas. Washegari Asabar ce, na hau jirgin ƙasa na farko da gwangwani wayam a hannu, ban ma san abin da zan ce ba in na same shi.

Ofisoshi na riga na gama da su, don haka na bi wasu mutane zuwa saman rufin wani gini inda ake kallon jirage. Abin da na tarar ya ƙara mini haushi. Manyan mutane, wasu da furfura, tsaye cikin iska da madubin hangen nesa da 'yan littattafai, suna rubuta lambar duk jirgin da ya sauka. Ba biyansu ake yi ba. In mai tozo ya taso sai duk su yi tsit, su bi shi da ido yana ɗagowa a hankali kamar ba zai iya ba, har ya shige gajimare, sannan su dubi juna suna gyaɗa kai. Na ce a raina, ga waɗanda suka rasa aikin yi.

Wani tsoho a cikinsu, mai jar hular ulu, ya ga ina rawar sanyi, ya zuba mini shayi daga fulas ɗinsa. Don kada in sha shayin mutum in yi shiru, na nuna masa hoton. Ko kallon Haro bai yi ba. Jirgin ya kalla. Ya fiddo gilashin ƙara girman rubutu, ya karanta wasu ƙananan haruffa a murfin tayar gaba, ya yi ta buɗa littafinsa baya-baya.

"Na san ta," in ji shi. "Jiya ta tafi gabas, gobe za ta dawo."

Haka yake maganar jiragen nan, yadda mijin Goggo ke maganar saniyarsa, ya san shekarunta, ya san halinta. Ya ce hoton ba a wajen fasinja aka ɗauke shi ba, a bayan rumfunan gyara ne. Sannan ne ya ɗora yatsa a kan rigar Haro. "Wannan rigar masu share jirgi ce. Ƙofarsu na can gabas da fili, suna canjin aiki ƙarfe biyu."

Na tsaya da kofin shayi a hannu. Ashe Goggo ce mai gaskiya, mota ake sani. Ni ne ban samu ɗan tasha ba sai ranar.

Ƙarfe biyu da 'yan mintuna suka fara fitowa, maza da mata, Indiyawa da baƙar fata, kowa da 'yar jakar abincinsa. Tafiyarsa na fara ganewa kafin fuskarsa, tafiyar mai bin shanu, kafaɗa ɗaya gaba.

Na ce, "Sannu da aiki, direban jirgi."

Ya tsaya cak. Ya dube ni, ya dubi ƙasa. "Sada?"

Na tanadi zagi na wata takwas, sai na fara sauke masa. "Layi uku, Haro. Ko adireshi babu. Tawada ce ta ƙare a London? An yi mini wanka da zagi a sama, an cuce ni a ƙasa, na zagaya ofis-ofis kamar mai neman aiki, duk saboda kai."

Ya ce a hankali, "In sa adireshi, wani ya zo ya tarar da ni da tsintsiya? Na san abin da za su zata in sun ga hoton. Don su zata ɗin na aika shi."

Shekara biyar yana cikin mai tozo kullum, yana kwashe sauran abinci, yana wanke bayan gida, yana ninke barguna, amma bai taɓa tashi a cikinsa ba ko sau ɗaya.

Na faɗa masa saƙon yadda ta faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Na miƙa masa gwangwanin. Ya buɗe, ya ga wayam, ya ɗago ya dube ni.

Na ce, "Ni na cinye. Ka yi abin da za ka yi."

Ya kifa fuskarsa a bakin gwangwanin ya ja numfashi. Sai ya zauna a gefen titi da rigar aikinsa, motoci na wucewa, kafaɗunsa na rawa. Sauran zagin ya maƙale mini. Na matsa na tsaya a gabansa don kada abokan aikinsa su gani.

Bayan mako uku kwas ɗina ya ƙare, shi ma ya gama haɗa takardunsa, muka taho tare. Na ba shi kujerar taga. Da jirgin ya fara gudu ya damƙe hannuna yana salati, da muka ɗaga kuwa sai ya saki dariya, ya ce, "Ashe haka ake ji." Ya yi ta nuna mini inda fasinjoji ke liƙa cingam da inda suke cusa bawon lemo. Kafin mu sauka ya ninke bargonsa, ya ninke nawa, ya kai hannu kan na maƙwabcinmu. Na buge hannun na ce yau kai fasinja ne, ka zauna.

A wannan dawowar na ɗan fahimci tsofaffin nan masu tsayuwa cikin iska. Kafin mai tozo, hawa jirgi na ministoci ne da manyan attajirai. Shi ya zo da ƙaton cikinsa ya kwashi malamin makaranta da 'yar kasuwa da makanike irina da mai shara, duk a ɗaki ɗaya. 'Ya'yan mutane da yawa ya raba da gida, amma wasu shi ya maido su.

Daga Ikko muka yi Kano, muka yi Katsina, muka samu motar kasuwa zuwa Safana, sauran muka ƙarasa a ƙafa. Farkon damina ne, shuka ta fito. Muka tarar da Goggo zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Na yi sallama. Ta amsa, ta juyo da kunnenta wajenmu, ba idonta ba. Nan na gane. Ƙanwar Haro ta raɗa mini cewa wata biyu ke nan, a tsakiyar bazara idon ya ƙarasa rufewa. Wata biyu. Na tuna inda nake a lokacin, ina bakin gado da cokali a hannu.

Haro ya durƙusa nesa kaɗan, yadda ɗan fari ke yi. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ta tambayi hanya, ta tambayi gajiya, kamar daga Safana ya dawo. Sannan ta ce, "Matso."

Matar da ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi a gaban mutane ba, ta sa hannu biyu ta bi goshinsa, ta bi kunnuwansa, ta sauko haɓa.

"Ka yi gemu."

"Na yi, Inna."

"An ce kai ke tuƙa shi."

Tsakar gidan ta cika da mutane, kowa ya kasa kunne. Ya ce, "Share shi nake yi, Inna."

Ta ce, "To ai gara. Ni dama tsoron faɗowarka ne ya dame ni." Ta juyo da kunne wajena. "Sada, ina gwangwanina?"

Na sa mata a hannu. Ta girgiza shi, ta ji wayam. "Ya isa hannunsa?"

Haro ya riga ni. "Ya isa, Inna. Na cinye tas."

Da na yi shiru da maganar ta wuce a haka. Na kasa. Na faɗa mata duka, yadda na yi fushi na tura shi ƙarƙashin gado, da dankalin tsohuwar nan, da cokali ɗaya-ɗaya na wata shida. Na ce ban tashi neman ɗanta da gaske ba sai ranar da cokali ya taɓa gindin gwangwanin, kunya ta kore ni daga ɗaki.

Hannunta ɗaya na kan Haro. Sai ta yi 'yar dariya.

"Ai laifina ne da na cika shi. Da ka cinye shi da wuri, Sada, da na gan shi."

Mutanen wurin suka yi dariya, don da wasa ta faɗa. Ni ban yi ba. Ta rayu shekara shida bayan nan, ba ta sake tayar da zancen ba. Amma duk zuwan da na yi Babban Duhu sai ta sa an zuba mini man shanu a tuwo, mai yawa, ta zauna kusa da ni tana sauraro har in cinye.